Gawo, Gicci da Wuta-wuta: Darasin Gasar Kasuwa daga Gonakin Zariya

Duk wanda ya hau motar haya daga Samaru zuwa Sabon Garin Zariya zai ji yaran mota suna kiran "PZ" da ƙarfi, ba tare da wani fasinja ya tsaya tambayar ma'anar haruffan ba. Sunan kamfanin Paterson Zochonis ne, wanda wasu Turawa biyu suka kafa a Saliyo, ya shigo Nijeriya a 1899, ya kuma kafa kanti kusa da tashar jirgin ƙasa ta Zariya kamar yadda takwarorinsa irin su John Holt da G.B. Ollivant da Kamfanin Neja suka yi a garuruwan da dogo ya ratsa. Waɗansu daga cikin kamfanonin sun haɗiye juna, waɗansu sun sauya sana'a, waɗansu kuma sunansu kawai ya rage a bakin direbobi. Amma manomin Zabi da na Hanwa da na Bomo, wanda aka ɗauka shi ne mafi rauni a wannan ciniki, yana nan a gonarsa.

Masu koyar da dabarun kasuwanci suna son misali da daji. Sukan ce kasuwa dawa ce, mai ƙarfi ya ci, mai rauni a cinye shi, saboda haka ɗan kasuwa ya zama zaki. Masana halittu ba haka suka gani ba. A 1934 wani masani ɗan Rasha, Georgii Gause, ya zuba ƙananan halittun ruwa iri biyu a cikin kwalba ɗaya da abinci ƙayyadadde. Da cimarsu ta zo ɗaya, sai ɗaya ya ƙarar da ɗaya. Da ya haɗa waɗanda ɗaya ke kiwo a sama ɗaya a gindin kwalba, sai suka zauna tare. A 1989 Bruce Henderson, wanda ya kafa kamfanin ba da shawara na Boston Consulting Group, ya ɗauko wannan gwaji a mujallar kasuwanci ta Jami'ar Harvard, ya gina hujjarsa a kai: 'yan kasuwa biyu da ke neman abinci ta hanya ɗaya sak ba za su daɗe tare ba, don haka asalin dabara shi ne bambanci.

Tarihin Zariya na shekara ɗari da 'yan kai ya gwada wannan magana a fili, da kuɗin mutane da gumin mutane. Abin da ya fito ya fi abin da ke cikin kwalbar Gause faɗi.

Audugar da Lankasha ta ƙwallafa wa rai

Masaƙun Lankasha a Ingila sun sha wuya lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, domin audugar da suka dogara da ita ta yanke. Tsoron maimaituwar haka ya sa a 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, BCGA, a Manchesta. Idonta ya faɗa kan ƙasar Hausa, inda aka san ana noman auduga tun kaka da kakanni. Wannan fata na daga cikin manyan hujjojin da aka kafa wajen shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano, wanda ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. A gefen tashar ne Sabon Gari ya tsiro, mazaunin ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa baƙi, nesa da ganuwar birni. BCGA ta kafa injin gurzar auduga a Zariya, ta zauna jiran kaya.

Kayan bai zo yadda aka zata ba. Lissafin Manchesta ya manta da cewa audugar tana da mai ita. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar da saƙa da rini sun zama ginshiƙin arzikin birnin, tufafin Kano suna kaiwa har Timbuktu da gaɓar Bahar Rum. Mata masu kaɗi da masaƙa da marina na Kano da Zariya su ne tsofaffin masu sayen audugar, kuma suna biyan abin da ya fi kuɗin da BCGA ta tsayar, domin riga da rawani da suke fitarwa suna da daraja da ba ta dogara da farashin Liverpool ba. Baƙon da ya zo da jari da jirgi da goyon bayan hukuma ya shiga gasa kan abinci ɗaya da ɗan gida, a gidan ɗan gida, ya kuwa sha kashi a zagayen farko.

Gyaɗa ce ta cika taragon jirgin. A Turai an riga an gano hanyar daskarar da man tsirrai a mai da shi man shafawa a burodi, sai bukatar gyaɗa ta tashi. Abin da Nijeriya ta fitar bai kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ya haura tan 19,000. Masanin tarihin tattalin arziki Jan Hogendorn ya nuna cewa ba umarnin Turawa ne ya jawo haka ba, lissafin manomi ne da na fatake. Gyaɗa tana son jigawar Kano. Tana zama lafiya da gero da dawa a gona guda. Saiwarta tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. In farashi ya faɗi, a ci ta, ko uwargida ta matse mai ta toya ƙuli-ƙuli. Auduga kuwa ba a cin ta, kuma tana neman hannu a daidai lokacin da hatsi ke neman hannu.

Daga baya auduga ta sami gurbinta, amma sai da aka daina kokawa a fagen masaƙan gida. An shigo da irin Allen mai dogon zare a 1912, aka riƙa raba shi ta hannun sarakuna da dagatai, aka keɓe masa kasuwanni na musamman, aka mayar da hankali kan ƙasar laka ta Zariya da Funtuwa da Gusau, inda gyaɗa ba ta yi kamar a jigawa. Dogon da aka ja daga Zariya ya isa Ƙauran Namoda a 1929 ya bi ta wannan yanki. Hukuma ta sa hannu, babu shakka, kuma yadin kanti mai araha ya riƙa sare ƙafar masaƙa a hankali. Duk da haka tsarin da ya tabbata shi ne na rabon gurbi: gyaɗa a tudun rairayi, auduga a laka.

Belbela da garke

Kamfanonin Turai suna da kuɗi da jiragen ruwa da kasuwa a ƙetare, amma ba su san hanyar ƙauye ba. Ba su san wanda za a ba bashi ya biya ba, ba su san ranar cin kowace kasuwa ba, ba su jin harshen ciniki. Fataken goro na ƙasar Hausa, waɗanda suka shekara aru-aru suna bin hanyar Gwanja, sun san duk wannan. Alhassan Dantata, haifaffen Bebeji, yana cikinsu. Bai yi yunƙurin sayen jirgin ruwa don ya kara da Kamfanin Neja ba. Ya kama gurbin da kamfanin ba zai iya shiga ba: ya baza yaransa a ƙauyuka, ya ba da kuɗi tun kafin kaka, ya tara gyaɗa ya kai wa Bature a bakin sikeli. Lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Makiyayi ya san wannan zama. Belbela ba ta cin ciyawa, saniya ba ta cin fara. Garke yana tafiya yana tayar da ƙwari, belbela tana bi tana tsinta, babu wanda ya rage wa wani. Da belbela ta ce sai ta yi kiwo irin na sa, da yunwa ta kashe ta.

Su kuwa manyan, da yake abincinsu ɗaya ne, abin da Gause ya gani a kwalba shi ya same su. Kamfanin Lever ya saye Kamfanin Neja a 1920. A 1929 aka haɗe shi da babban abokin hamayyarsa, aka sami UAC. Waɗanda suka rage suka riƙa ƙulla yarjejeniyar raba kasuwa da daidaita farashi a tsakaninsu don kada gasa ta cinye su. Wannan haɗin baki ya tsirar da su, amma manomi ne ya biya kuɗinsa, kuma nan ne misalin daji ya fara nuna iyakarsa. Za a dawo kan wannan.

Ranar da Samaru ta koma ɗaliba

An kafa tashar binciken aikin gona a Samaru a 1922. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tashar ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona, IAR, a ƙarƙashinta. Shekaru da dama koyarwar malaman gona guda ce: shuka iri ɗaya a gona ɗaya, a layi, a tsabtace. Gonar Bahaushe, inda gero da dawa da wake da gyaɗa suke cuɗanye, har da kuɓewa ko yakuwa a gefe, ana kallonta a matsayin alamar rashin wayewa. An yi ta wa'azi, manoma suna cewa to, suna komawa gona suna yin abin da suka saba.

A tsakiyar shekarun 1960 wani matashin masanin tattalin arzikin noma ɗan Ingila, David Norman, ya juya tambayar. Maimakon ya tambayi dalilin da ya sa manoma suka ƙi jin magana, sai ya nemi sanin ko suna da hujja. Shi da abokan aikinsa suka bi gidaje a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, wato Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta kowace sa'ar aiki da kowane dami. Hanwa, wadda a lokacin ƙauye ce a bakin gari, yau gunduma ce a ƙaramar hukumar Sabon Gari, kamar Zabi da Samaru. Sakamakon da ya wallafa a 1974 ya nuna cewa mafi rinjayen filin da ake nomawa gauraye ne, kuma gaurayen ya fi ba da kuɗi a kowace eka, ya fi biyan wahalar da aka yi a watannin Yuni da Yuli lokacin da noma ke cin hannu, sannan abin da ake samu bai cika hawa da sauka daga shekara zuwa shekara ba. Wannan aiki na Samaru yana daga cikin tushen salon bincike da ya bazu a duniya daga baya, wanda ke fara nazarin gona daga idon mai ita.

Sirrin yana cikin yadda amfanin suke kauce wa juna. Gero mai sauri ne. Da ruwan shuka ya sauka sai ya yi tsalle, ya sha rana da taki, a girbe shi wajen watan Agusta, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Dawa tana tafiya a hankali a farko, ba ta damu da inuwar gero ba, sai an cire shi take miƙewa ta mamaye fili har Nuwamba ko Disamba. Wake ana sa shi a tsakiyar damina, ya yaɗu a ƙasa, ya danne ciyawa, ya riƙe laima, ya ba da ƙwaya ya ba da harawa. Saiwoyinsu ba zurfi ɗaya suke sha ba, ganyensu ba tsayi ɗaya yake tarar rana ba, kuma ba wata ɗaya suke jin yunwa ba. Tsarin gicci, inda ake gitta layin hatsi a kan kunyoyin gyaɗa ko wake da tazara mai faɗi, lissafi ne na wane zai tsaya ina, yaushe.

A nan akwai abin da ɗan kasuwa ya kamata ya lura da shi da kyau, domin sau da yawa ana juya darasin. Gaurayen gona ba tarkace ba ne. Manomi ba ya haɗa masara da masara ya ce ya raba ƙafa. Yana haɗa abubuwan da ba sa cin abinci ɗaya kuma ba sa mutuwa da cuta ɗaya. Mai shagon da ya ƙara sayar da katin waya a kan cajin waya a kan gyaran waya, duk ga kwastoma guda, iri ɗaya ya shuka sau uku. Ranar da wannan kwastoma ya tafi, duka ukun za su bushe tare.

Gawo da sanin lokaci

A cikin itatuwan gona babu mai hali irin na gawo. Da damina ta kama, kowane itace yana fitar da ganye, shi kuwa sai ya zubar da nasa ya tsaya tsirara. Hatsin da ke ƙarƙashinsa ya sami rana, ya sami takin ganyen da ya zuba. Da rani ya shigo, ko'ina ya bushe, sai gawo ya yi kore shar, domin saiwarsa tana kaiwa ga ruwan da ke can ƙasa. Dabbobi su taru a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar taki. Shi ya sa manomi kan sare wani itace ya bar gawo, kuma tarihin Damagaram ya riƙe cewa sarakunanta sun kafa doka mai tsanani kan sare shi. Ga giginya da tsayi da kwarjini, amma inuwarta na nesa ka sha. Gawo ya tsira ne domin ya zaɓi lokacin da babu mai takara da shi, kuma zamansa riba ne ga maƙwabtansa.

Dawar gida ma ta san lokaci. Binciken da D.L. Curtis ya yi kan dawar Nijeriya a shekarun 1960 ya nuna cewa irin kowane yanki yana auna tsawon yini, yana fitar da kai daidai lokacin da ruwan yankin ke shirin ɗaukewa. Ko an yi shuka da wuri ko an makara, ƙwayar za ta nuna cikin iska busasshiya, ta tsira daga ruɓewa. Irin da aka ɗauko daga wani yanki, komai kyansa, yakan yi kai cikin ruwa ya lalace, ko ya makara fari ya riske shi.

Manoman fadama na bakin kogin Galma da Kubanni sun daɗe suna bin tafarkin gawo: suna aiki lokacin da gonar tudu ke hutu, suna fitar da tumatir da albasa da rake da rani. Sai dai gurbi ma yana cika. Idan kowa ya dasa tumatir mako ɗaya, kowa zai tsinka mako ɗaya, kwando ya faɗi warwas a kasuwa har wani ya bar nasa ya ruɓe. Wanda ya yanka nasa ya shanya kauɗa, ya ajiye har damina lokacin da ɗanye ya yi tsada, shi ne ya sake komawa gawo. Gurbi ba gado ba ne. Kullum sai an sake nemansa.

Wuta-wuta

Babu manomin dawa a ƙasar Zazzau da bai san wuta-wuta ba, wadda wasu ke kira ƙuduji. Furenta kyakkyawa ne, ja-ja mai ɗaukar ido, amma kafin a gan shi ta gama ɓarna. Ƙwayar irinta ƙanƙanuwa ce kamar ƙura, tsiro ɗaya yana zubar da dubun-dubata, kuma tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma tana jira. Ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa. Da ta ji, sai ta kama saiwar ta riƙa tsotsa a ɓoye makonni kafin ta leƙo. Ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji, wadda aka maimaita wa hatsi shekara da shekaru ba hutu.

Kasuwar gyaɗa da auduga ta haɗu da irin wannan. A 1949 aka kafa hukumomin sayen gyaɗa da auduga, a 1954 aka mayar da su ƙarƙashin hukuma ɗaya ta Jihar Arewa. Manufar da aka bayyana mai kyau ce: a tsayar da farashi, a tara rara a shekarar albarka, a tallafa wa manomi a shekarar faɗuwa. Hukuma ce kaɗai ke da ikon fitar da kayan, tana saye ta hannun wakilai masu lasin. A aikace farashin da ake ba manomi ya riƙa zama ƙasa da na duniya, rarar ta zama haraji da ba a kira shi haraji ba. Adalci ne a faɗi cewa kuɗin bai tafi a banza duka ba: da shi aka sa hannu a ayyukan raya Arewa, ciki har da masaƙar Kaduna ta farko da aka buɗe a 1957. Furen ya yi kyau. Amma saiwar tana ramewa. Manoma suka riƙa karkatar da gyaɗa ga masu matsar mai na gida, ko su tsallaka da ita Nijar, ko su koma hatsi.

Sai masifu suka zo a jere. Farin farkon shekarun 1970 ya raunana ƙasa da mutane. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwaron darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki kimanin hekta 700,000 a Arewacin Nijeriya. Tun a shekarun 1960 masu bincike a Nijeriya sun nuna cewa shuka da wuri da cika gona da tsiro suna rage kamuwa, amma manomin da farashi bai ƙarfafa masa gwiwa ba ba zai zuba iri da yawa a gyaɗa ba, kuma ba zai fifita ta a kan abincin gidansa ba. Ga kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. Ƙasar da a shekarun 1960 take kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa ta wayi gari dalar gyaɗa ta zama labari. An rushe hukumomin a 1986, bayan abin da za su tsotsa ya ƙare.

Maganin wuta-wuta ma darasi ne. A 1966 masu bincike a Amurka suka ware sinadarin da ke tayar da irinta, kuma daga saiwar auduga suka samo shi. Auduga tana kiran wuta-wutar hatsi ta tsiro, amma ba ta ba ta wurin kamawa, sai ta mutu da yunwa. Waken soya da gyaɗa ma suna yin irin wannan aiki. Shi ya sa juya amfanin gona ke rage ta, tare da taki da irin da ke jure mata, kamar waɗanda IAR ta saki cikin jerin masara da dawa masu ɗauke da sunan Samaru, SAMMAZ da SAMSORG. Ba a kashe wuta-wuta da fushi ranar da aka ga fure. Ana hana ta ne tun shekarun baya, ta hanyar ƙin zama abinci ɗaya a wuri ɗaya kullum. Ɗan kasuwar da mai ba shi kaya ɗaya ne, ko mai sayensa ɗaya ne, ko bashi mai ruwa ya kama saiwarsa, yakan ga ciniki yana tafiya, shago cike, har ranar da zai nemi uwar kuɗi ya rasa.

Samaru da gonarta guda

Yau babbar gonar Samaru ba ta dawa ba ce, jami'a ce. Masu gidajen haya, masu abinci, masu buga takardu da ɗaurin littafi, masu Keke Napep da 'yan acaɓa, teloli da masu aski, kusan duk daga aljihun ɗalibi suke ci. Daga waje sana'o'i ne barkatai, amma a ƙasa saiwarsu ɗaya. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 ya ɗauki kusan wata tara. Na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Duk wanda ya ratsa titin Sakkwato ta gaban babbar ƙofar jami'ar a waɗannan watanni ya ga yadda kuturtar gyaɗa take a cikin gari. Waɗanda suka fi jurewa su ne masu ƙafa ɗaya a wata gona: mai abincin da ke da masu saye a Sabon Gari, telan da ke ɗinka wa ƙauyukan Bomo da Basawa, mai shagon da bai saki gonar gado ba.

Haka kuma ɗabi'ar kwaikwayo. Wani ya kafa rumfar POS ya samu, kafin wata uku rumfuna biyar sun jeru a gefensa, injin ɗaya, caji ɗaya, kwastoma ɗaya. Abin da ya rage musu na takara shi ne rage farashi, har ribar ta kasa sayen abincin rana. Wannan ita ce kwalbar Gause a bakin titi. Tambayar da tarihin garin ke miƙa wa mai neman sa jari ba ita ce wace sana'a ke kawo kuɗi ba. Tambayoyi ne uku: me zan yi wanda na kusa da ni ba ya yi, a wane lokaci ne shi yake hutu, kuma wace masifa ce in ta zo za ta kashe duk abin da na shuka rana ɗaya?

Ba a ce girma da ƙwarewa a abu ɗaya ba su da amfani ba. Masarar zamani da ta bazu a ƙasar Zazzau da Funtuwa tun ƙarshen shekarun 1970 ta arzuta mutane da yawa, kuma sau da yawa ita kaɗai ake shukawa. Amma ta zo da sharaɗi: taki. Duk shekarar da buhun taki ya yi tsada kuma farashin masara ya faɗi, manomin da ya bar dawa da wake gaba ɗaya shi ke fara kuka. Mai shuka iri ɗaya yana cin riba mafi tsoka a shekara mai kyau. Mai gicci yana nan bayan shekara mara kyau.

Kama da wane

Kama da wane ba ta wane. Kasuwa ba daji ba ce, ko da ta yi kama da shi. Kalmar nan da ake yawan jingina wa Charles Darwin, cewa wanda ya fi dacewa shi ke wanzuwa, Herbert Spencer ne ya ƙirƙire ta a 1864, kuma an yi amfani da ita wajen halasta danniya da mulkin mallaka, kamar dai ƙarfi shi ne gaskiya. Ko a ilimin halittu ma'anarta dacewa da muhalli ce, ba ƙarfin damtse ba. Sannan wuta-wuta ba ta da laifi, domin ba ta da zaɓi. Kamfanonin da suka haɗa baki kan farashin gyaɗa suna da zaɓi, hukumar da ta tauye manomi tana da zaɓi, mai ɓoye hatsi da mai tauye mudu suna da zaɓi. Kasuwar Hausa ta daɗe da sanin haka, shi ya sa take da sarkin kasuwa da dillali da shaida, kuma fatauci daga Kano zuwa Gwanja ya tsayu ne a kan amana tun kafin a san takardar banki.

Abin da gona ke koyarwa shi ne yadda ake wanzuwa: a bambanta, a san lokaci, a raba haɗari, a kula da saiwa fiye da fure. Abin da ba ta koyarwa shi ne abin da ya halatta, wannan kuwa aikin mutane ne da dokokinsu. Kamfanonin da suka zo Zariya da jirgi sun ɗauka su ne zakuna. Shekara ɗari bayan haka, gero yana nan yana riga dawa fita, wake yana nan yana bin ƙasa, gawo kuma yana zubar da ganyensa duk ranar da sauran itatuwa suka fara yin ado.